Ina ake samun alƙaluman ma'adanai, wutar lantarki da ruwa a Najeriya, kuma wanne za a gaskata?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina haɗa wani shirin rediyo a kan arzikin ƙasa a jihohin arewa maso yamma, kuma ina neman taimakon waɗanda suka san inda hukumomi ke ajiye alƙalumansu. Abin da ya dame ni shi ne, duk jami'in da ya zo gaban makirufo sai ya ambaci adadi, wannan ya ce an ba da lasisin haƙar ma'adanai kaza, wancan ya ce an ƙara megawat kaza, wani kuma ya ce an gina rijiyoyin burtsatse kaza, amma da zarar an nemi takardar da ya ɗauko adadin daga cikinta sai magana ta karkata. Ta yaya mutum zai san kamfanonin da ke riƙe da lasisin haƙa a ƙaramar hukumarsa? A ina ake ganin yawan wutar da ke shiga jiha da kuɗin da ake karɓa a kanta? Wace hukuma ce kuma ke da lissafin rijiyoyi da famfunan da ke aiki da waɗanda suka lalace? Ina son majiyar da mai sauraro zai iya dubawa da kansa a wayarsa.

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam, Malama. A ɓangaren kuɗin ma'adanai da man fetur, wurin farawa shi ne rahotannin hukumar NEITI. Najeriya ta shiga shirin duniya na bayyana kuɗaɗen albarkatun ƙasa a 2003, zamanin Shugaba Obasanjo, aka kuma kafa hukumar da doka a 2007. Yadda take aiki shi ne ya sa nake ba ta muhimmanci fiye da jawabin kowane minista. Ana ɗauko masu binciken kuɗi masu zaman kansu, su tura wa kamfanoni takarda su rubuta abin da suka biya, su tura wa hukumomin gwamnati irinta su rubuta abin da suka karɓa, wato hukumar tara haraji ta tarayya da ofishin rajistar lasisin ma'adanai da sashen duba wuraren haƙa da sauransu, sannan a jera amsoshin biyu kusa da juna. Inda suka saɓa, sai a nemi kowane ɓangare ya kawo rasit. Binciken farko na man fetur ya shafi shekarun 1999 zuwa 2004, na ma'adanan ƙasa kuma ya fara daga alƙaluman 2007.

A cikin rahoton ma'adanai za ki ga sunan kamfani, da abin da ya haƙa, da yawan tan, da jihar da ya yi aikin, da kason da ya biya gwamnati. Wanda ya karanta shi a karon farko yakan yi mamaki, domin abin da ya cika shafukan shi ne farar ƙasar da ake yin siminti da ita, da dutsen tsakuwa, da marmara, da yashi, kuma manyan masu biya su ne kamfanonin siminti irin su Dangote da BUA da Lafarge, sai kamfanonin gina hanyoyi. Gudummawar ɓangaren duka ga tattalin arzikin ƙasa ta daɗe ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a waɗannan rahotanni. Sai dai ki kula da abu biyu. Rahoton yana zuwa a makare, misali na shekarar 2021 sai a 2023 ya fito. Sannan kamfanonin da biyansu ya kai wani mizani ne kawai ake tantancewa filla-filla, ƙananan kuwa a dunƙule ake kawo su.

Alhaji Garba:
Malam Nasiru, ina girmama bayaninka, amma ni mutumin Zamfara ne, kuma abin da ka faɗa shi ne ainihin dalilin da ya sa ba na ɗaukar wannan rahoto a matsayin hoton ƙasarmu. Ka je Anka ko Bukkuyum ko Maru ka tambayi yaro ɗan shekara goma abin da ake haƙa, zai ce maka zinare. A can za ka ga ramuka, ka ga injinan niƙa dutse, ka ga masu wanki a bakin kududdufi, ka ga dillalai da ɗan ƙaramin sikelinsu suna saye giram-giram. Wannan sana'a tana ciyar da dubban gidaje, tana kuma cikin abubuwan da ake dangantawa da rashin tsaron da ya sa gwamnatin tarayya ta haramta haƙa a jihar a 2019, haramcin da ba a ɗage ba sai a watan Disamba na 2024. To, rahoton da siminti ya mamaye, zinaren Zamfara kuma ya zama ɗan layi a gefe, me zai koya wa mai sauraron Malama?

Kuma kada mu manta da 2010. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ba wani kundin ma'adanai ne ya nuna cewa ana niƙa dutse mai guba a cikin tsakar gidaje ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka lura da yadda yara ke mutuwa, sannan aka bi sawu. Alƙaluman da ba su hango wannan ba, ina jin nauyin in kira su majiya.

Malam Nasiru:
Alhaji, ban musa maka ko ɗaya ba, amma ina ganin ka ɗora wa rahoton aikin da ba nasa ba. Shi kamar littafin mai shago ne, abin da ya shiga ta ƙofa kawai yake rubutawa. Zinaren da aka saya a daji aka sa a aljihu aka ƙetare iyaka bai biya gwamnati ko kwabo ba, don haka babu rasit ɗin da mai bincike zai gani. Amfanin rahoton a nan shi ne ya ba ka hujja a rubuce cewa gwamnati ba ta samun abin kirki daga zinaren da kowa ya san ana haƙa, kuma da wannan hujja ce ɗan jarida zai tsaya gaban jami'i ya tambaye shi dalili.

Akwai kuma hanyar auna giɓin. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da rumbun alƙaluman cinikayya da ake kira Comtrade, inda kowace ƙasa ke kai lissafin abin da ta fitar da abin da ta shigo da shi. Sai ka duba zinaren da Najeriya ta ce ta fitar zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ka kuma duba abin da ita Daular ta ce ya shigo mata daga Najeriya a shekara guda, ka cire wannan daga wancan. Da irin wannan lissafi ne ƙungiyar Swissaid ta fitar da rahoto a 2024 cewa aƙalla tan 435 na zinare ya fita daga Afirka ta ɓarauniyar hanya a 2022 kaɗai. Hanyar tana da rauni, domin zinaren da ya fita daga Zamfara ya bi ta wata ƙasa maƙwabciya zai bayyana ne da sunan waccan ƙasar, amma ta fi zato da jita-jita nesa ba kusa ba.

Dakta Saratu:
Ina so in koma kan tambayar Malama ta farko, domin har yanzu ba a amsa ta ba. Sanin mai riƙe da lasisi aikin ofishin rajistar ma'adanai ne da ke Abuja, wanda dokar ma'adanai ta 2007 ta kafa. Tun a ƙarshen 2022 ofishin ya koma aiki da tsarin intanet da ake kira eMC+, kuma yana da taswirar da kowa zai iya buɗewa. Idan kika matso da ita kan ƙaramar hukumarki za ki ga ƙasar an yanka ta gida-gida, kowane gida da launinsa, idan kika taɓa ɗaya sai lambar lasisi da sunan kamfani da irin ma'adinin su fito. Haruffan da ke jikin lambar su ne mabuɗi. EL lasisin bincike ne, yana iya kaiwa murabba'in kilomita 200, na shekara uku ne da damar sabuntawa, kuma bai ba mai shi izinin haƙa don sayarwa ba. SSML na ƙananan masu haƙa ne, bai wuce murabba'in kilomita uku ba. ML shi ne cikakken lasisin haƙa na shekara 25, QL kuma na fasa dutse da ɗibar yashi ne. Saboda haka idan kika ga manyan motoci suna fita da kaya kullum daga filin da taswira ta ce lasisin bincike ne kawai a kansa, kin samu tambayar da za ki kai wa jami'in ma'adanai na tarayya da ke jihar.

Abin da taswirar ba za ta gaya miki ba shi ne ko mai lasisin ya taɓa taka wurin. Da yawa suna riƙe da takarda ne suna jiran mai saye. Wannan ne ya sa ma'aikatar ta soke lasisi 1,633 a watan Nuwamba na 2023 saboda rashin biyan kuɗin shekara, ta kuma soke wasu 924 a watan Afrilu na 2024 saboda an bar su ba aiki. Idan kuma kina son sanin mutanen da ke bayan sunan kamfanin, hukumar rajistar kamfanoni ta buɗe kundin ainihin masu mallaka a 2023, ko da yake abin da kamfani ya rubuta da hannunsa ne ke ciki.

Game da abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa, sai hukumar binciken ƙasa da duwatsu, NGSA, wadda asalinta ya faro tun 1919 kuma take da babban ɗakin gwaji a Kaduna. Tana da taswirorin duwatsu da sakamakon binciken da aka yi da jirgin sama a faɗin ƙasar, wasu kyauta, wasu sai an biya. Ina roƙon ki da ki ja hankalin masu sauraro a kan abu ɗaya: taswirar da ta nuna alamar zinare ko litiyam a wuri tana nufin an ga ɓurɓushinsa ne, ba ta nufin an auna yawansa an tabbatar zai biya kuɗin haƙa. Yawancin biliyoyin da ake ambata a taruka daga rashin bambance waɗannan biyun suke fitowa.

Barista Mustapha:
Ƙari a kan bayanin Dakta. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa neman wannan bayani a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a ma'aikatar jiha yakan zama ɓata lokaci. Amma dokar ma'adanai ta 2007 ta tanadi takardu guda biyu da suka shafi talaka kai tsaye. Akwai takardar amincewar mai ƙasa ko mai amfani da ita, wadda ake haɗawa da takardar neman lasisi. Akwai kuma yarjejeniyar raya al'umma, wadda dole ne mai lasisin haƙa ya ƙulla da mutanen wurin kafin ya fara aiki, ana kuma sake duba ta duk shekara biyar. A cikinta ake rubuta alkawarin makaranta ko asibiti ko rijiya ko ɗaukar 'yan gari aiki. Sau da yawa mutanen gari ba su taɓa ganin kwafinta ba, ba su ma san wanda ya sa hannu da sunansu ba.

Waɗannan takardu ba a kan intanet suke ba, amma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa ikon nemansu a rubuce, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma tana da kwana bakwai ta amsa, tana iya ƙara wasu bakwai idan takardun suna da yawa. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilu na 2025 cewa ta hau kansu, wanda hakan zai yi amfani sosai idan muka zo maganar hukumomin ruwa na jihohi.

Malama Hadiza:
Na gode ƙwarai, Dakta da Barista, Allah ya ƙara sani. Ina fata Injiniya Bashir yana kusa, domin maganar wuta ce ta fi kawo mana kiran waya daga masu sauraro.

Injiniya Bashir:
Ina nan, Malama. A cikin ɓangarorin nan uku, wutar lantarki ce ta fi wadatar alƙaluma, saboda akwai mita a bakin kowace tashar samarwa da kowace mahaɗar manyan layuka. Hukumar NERC, mai sa ido a kan harkar lantarki ta ƙasa, tana fitar da rahoto duk wata uku, kuma yana kan shafinta kyauta. A ciki akwai abin da kowace tasha ta samar, daga Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru masu aiki da ruwa zuwa tashoshin gas na kudu, da yawan lokutan da babban layin ƙasa ya faɗi, da wutar da kowane kamfanin rarrabawa ya karɓa, da wadda ya rubuta wa bil, da kuɗin da ya iya tarawa. Nan ne za ki ga cewa injinan da aka girka sun kai kimanin megawat dubu 13, amma abin da ake samarwa a zahiri yakan tsaya tsakanin dubu huɗu zuwa dubu biyar. Duk jami'in da ya ambaci megawat, ki tambaye shi wanne yake nufi a cikin biyun. Nan ne kuma za ki ga cewa zuwa ƙarshen 2024, daga cikin masu rajista sama da miliyan 13, masu mita ba su kai rabi ba.

Tambayarki ta jiha ita ce mai wuya, kuma wahalar daga tsarin take. Lokacin da aka sayar da kamfanonin rarrabawa guda 11 a 2013, ba a kan iyakar jihohi aka yanka su ba. Na Kano ya haɗa Kano da Katsina da Jigawa. Na Kaduna ya haɗa Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Na Jos yana da Filato da Bauci da Gwambe da Binuwai, na Yola kuma Adamawa da Borno da Yobe da Taraba. Rahoton yana tsayawa ne a kan kamfani, saboda haka ba za ki iya fitar da kason Katsina daga cikin na Kano ba sai kamfanin da kansa ya ba ki. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumomin sa ido nasu, wataƙila wannan ya haifar da alƙaluman jiha nan gaba.

Haɗa lissafi a dunƙule yana ɓoye abubuwa masu girma. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke hawowa ta Makurɗi shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin arewa sun kwana sama da mako guda cikin duhu, amma wanda ya kalli matsakaicin wutar ƙasa na waɗannan watanni uku kawai ba zai fahimci girman abin da ya same mu ba. Sannan babu ɗaya daga cikin waɗannan rahotanni da ke ƙirga wutar janareto da ta sola da mutane ke haɗa wa kansu, alhali a kansu kasuwanni da asibitoci da yawa suka dogara.

Hajiya Rabi:
Injiniya, ni ina da shagon ɗinki da keken zamani masu aiki da wuta, kuma tun da aka sa layinmu a rukunin A nake ajiye littafi a kan teburin yanka. Duk lokacin da aka kawo wuta ɗaya daga cikin yaran shago ya rubuta lokacin, idan aka ɗauke ma ya rubuta, da dare kuma mai gadi yana taimaka mana. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wannan rukuni zuwa naira 225 a kan kowane yunit bisa alkawarin awa 20 a rana. Littafina yana nuna ranaku masu yawa da ba mu kusanci wannan ba, amma da na kai ƙorafi ofishin kamfanin da ke raba mana wuta, sai aka ce na'urarsu ta nuna an cika alkawari. Tambayata ita ce, idan alƙaluman da hukuma ke bugawa daga hannun wanda ake ƙara suke fitowa, ina mai ƙara zai samu shaidarsa?

Injiniya Bashir:
Hajiya, littafinki shaida ce, kada ki daina. Mai yiwuwa ne ke da su duk kuna faɗin abin da kuka gani, domin ana auna awannin ne a bakin fida, wato babban layin da ya fito daga tashar rarrabawa, ke kuma kina aunawa a ƙarshen waya. Idan taransifomarku ta lalace, ko aka cire fis ɗinta don rage nauyi, fida tana nan da wuta a lissafi, ku kuma kuna duhu. Wannan giɓi ne na gaske a cikin alƙaluman, kuma ya kamata shirin Malama ya fito da shi fili.

Umarnin da NERC ta bayar a lokacin ƙarin kuɗin ya wajabta wa kamfani ya riƙa buga matsakaicin awannin kowace fida ta rukunin A a shafinsa, ya buga bayani idan ta gaza kwana biyu a jere, sannan a sauke ta zuwa rukunin ƙasa idan ta gaza kwana bakwai a jere. Ki nemi sunan fidarku, yana jikin bil ko a jerin da kamfani ke bugawa, ki kwatanta da littafinki rana-rana. Idan maƙwabta uku ko huɗu da ke kan taransifoma ɗaya suka ajiye irin wannan littafi, ƙorafinku a ofishin sauraron ƙararraki na NERC zai yi nauyin da na mutum ɗaya ba zai yi ba. Ga marasa mita kuma, hukumar tana buga iyakar yunit ɗin da aka yarda a rubuta musu a kowace fida duk wata.

Malam Isufu:
Gaisuwa daga Maraɗi. Ina bin wannan muhawara ne saboda alƙalumanku sun shafe mu kai tsaye. Wutar da muke sha a Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina take shigowa, ta Yamai kuma ta Birnin Kebbi, kuma kafin juyin mulkin Yuli na 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa. Da aka yanke shi a watan Agusta na wannan shekara, kowa ya gane haka a jikinsa. Abin sha'awa shi ne, mai son sanin kuɗin da kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, ya biya da wanda ake bin sa yakan same shi a cikin rahoton NERC na ku, a sashen abokan ciniki na ƙasashen waje.

A ɓangaren ruwa kuwa, mu ne muke da abin da kuke bukata. Hedikwatar hukumar kogin Kwara ta ƙasashe tara tana Yamai, kuma tana fitar da bayanin tsawon ruwa a ma'aunan da ke kan kogin. Idan ruwa ya haura santimita 620 a ma'aunin Yamai, an shiga jan gargaɗi. Wannan ruwan ne zai gangaro ta Gaya ya shiga jihar Kebbi, saboda haka manomin shinkafa na can yana da kwanakin shiri idan labarin ya iso shi da wuri.

Dakta Aminu:
Madalla da wannan, Malam Isufu. Malama, a ganina ruwa ne ya fi talaucin alƙaluma a cikin ukun, kuma shi ne ya fi shafar rai. A kan ruwan sha da tsafta, majiya mafi ƙarfi ita ce binciken WASHNORM, wanda ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar tare da UNICEF a 2018 da 2019 da 2021. Na 2021 ya nuna kimanin kashi 67 cikin ɗari na jama'a suna samun ruwan sha na matakin farko, wato daga ingantacciyar hanya kusa da gida, kimanin mutum miliyan 48 kuma suna bahaya a fili. Ma'aikatan binciken sun ziyarci rijiyoyi da famfuna sun duba masu aiki da matattu, don haka za ki samu kason da ke aiki a kowace jiha. Amma samfuri aka ɗauka, ba ƙidaya aka yi ba, shi ya sa ba zai gaya miki halin rijiyar ƙauye kaza ba. Sannan duk wani adadin mutane da aka ambata ƙiyasi ne da aka gina a kan ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi.

Lissafin rijiya ɗaya-ɗaya yana hannun hukumomin ruwan karkara na jihohi, kuma yawanci lissafin abin da aka gina ne. Rijiyar da ɗan majalisa ya haƙa, da wadda wata ƙungiya ta haƙa a masallaci, da dubban da masu gidaje ke haƙawa a Kano da Kaduna da Maiduguri, ba su haɗu a kundi ɗaya ba. Wannan ya fi damuna fiye da komai, domin mai haƙa ya san zurfin da ya samu ruwa da irin dutsen da ya ratsa, bayanin kuma yana tafiya da shi idan ya kwashe injinsa. A yankin dutse irin na kudancin Kano da Katsina ruwan yana cikin tsagogi ne, bai da yawa kamar na yashin tafkin Cadi ko na kwarin Sakkwato, kuma ba tare da tara waɗannan bayanai ba, ba za a san saurin da yake ja da baya ba.

A kan koguna, hukumar NIHSA mai bibiyar ruwan koguna ce ke da ma'aunai, irin na Jidere Bode inda Kwara ta shigo, da Wuroboki a kan Binuwai, da Makurɗi, da Lakwaja inda suka haɗu. Tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, kamar yadda NiMet ke fitar da hasashen ruwan sama. Hasashen ambaliya na 2024 ya sa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 cikin babban haɗari. Madatsun ruwa kuwa suna ƙarƙashin hukumomin raya koguna guda 12: Tiga da Challawa a hannun ta Haɗeja da Jama'are, Bakolori da Goronyo a hannun ta Sakkwato da Rima. Tsawon ruwan madatsa na yau da yawan da aka saki, wanda shi ne abin da mai gona a Ringim ko Auyo ko Haɗeja ya fi bukata, ana rubuta shi a wurin, amma ba a buga shi a fili kullum.

Alhaji Garba:
Dakta, ka dawo da ni inda na tsaya tun farko. Madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, alhali garin ya taɓa ganin irin wannan a 1994. Hasashen da ya lissafa ƙananan hukumomi 148 bai gaya wa mai gida a unguwar Gwange cewa ya kwashe iyalinsa a daren ba. Abin da zai cece shi shi ne tsawon ruwan madatsar na wannan mako da rahoton lafiyar ginin, kuma su ne ainihin abin da ka ce ba a bugawa. Shi ya sa nake cewa abin da aka buɗe mana shi ne na nesa da na bara, na kusa da na yau kuwa yana cikin durowa. Sannan duk da Turanci ne, a cikin takardu masu shafi ɗaruruwa da ke cinye data kafin su buɗe.

Dakta Aminu:
A kan madatsun ruwa ina tare da kai ɗari bisa ɗari, Alhaji. Babu wani sirrin tsaro a cikin tsawon ruwan Tiga ko Goronyo, kuma karanta shi a rediyo kowace safiya daga Yuli zuwa Oktoba ba zai ci kuɗi ba. Inda na bambanta da kai shi ne, hasashen shekara an yi shi ne don gwamnatin jiha da hukumar agajin gaggawa su yashe magudanu su tanadi matsuguni tun watan Afrilu, kuma idan ba su yi ba, takardar tana nan da kwanan wata a matsayin shaida cewa an gaya musu.

Barista Mustapha:
Malama, tunda an gano takardar da ta ɓace, sai a nema ta da sunanta. Wasiƙar da ta ce a ba ni duk bayanan madatsa ba za ta samu amsa ba. Ki rubuta wa shugaban hukumar raya kogin da abin ya shafa, ki ambaci dokar 2011, ki ce kina neman kwafin rajistar tsawon ruwa da yawan sakin ruwa na kowace rana a madatsa kaza daga 1 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba na shekara kaza, tare da rahoton duba lafiyar madatsar na ƙarshe da kwanan watansa. Ki kai kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a kan ɗaya ki riƙe, domin daga ranar hatimin ake fara ƙirga kwana bakwai. Idan suka ƙi, dole ne su rubuta sashen dokar da suka dogara da shi, idan kuma suka yi shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, kuma kina da kwana 30 ki kai maganar babbar kotu. Wannan tsarin wasiƙar zai yi aiki a kan yarjejeniyar raya al'umma a ma'aikatar ma'adanai, da kuma jerin rijiyoyin da hukumar ruwan karkara ta jiharki ta biya kuɗin ginawa, wanda masu sauraro a kowane ƙauye za su iya kira su tabbatar ko su ƙaryata da idonsu.